Hayaniyar da Ka Gani Sau Ɗaya

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi aka kira ni a wurin aiki aka ce Babban Injiniya ya cika. Ina tsaye a ɗakin awo, wanda aka lulluɓe bangonsa da ƙarfe don kada igiyar rediyo daga waje ta shigo, sai na ajiye aikin na nemi wuri na zauna.

Yaya, haka nake kiranka ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Kai ka koya mini cewa kowace na'urar lantarki tana da hayaniyar da kunne ba ya ji, amma takan rikita maƙwabciyarta. Tsohon ma'auninmu yana bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai murɗa rediyo, yana neman hayaniyar. Kafin ya iso, mai laifi ya yi shiru. Kakan yi dariya ka ce, "Ƙanwata, wannan mai gadi ne da ke leƙa ɗakuna bi da bi, ɓarawo na biye da shi a baya." Shi ya sa ka haɗa mana sabon tsari, mai naɗe siginar gaba ɗaya yadda take gudana, kwamfuta ta tsefe ta daga baya. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya, kai ka ɗauke mini aikina, ba ka taɓa tada maganar ba.

Ga abin da ke damuna. Na'urar ba da wuta da za a kai ɗakin jarirai bakwaini, tsohon ma'auni ya wanke ta. Naka kuwa ya kama wani tartsatsi, gajere kamar ƙiftawar ido, irin wanda zai iya ruɗa na'urar lura da bugun zuciya. Sau ɗaya ya fito. Ka ce a sake, sai ciwo ya riga mu. Na sake, na kuma sakewa, bai dawo ba. Masu kayan suna ta waya, shugabanmu ya ce sa hannuna kaɗai ake jira.

Tun ina makarantar allo aka tsoratar da ni kan tauye mudu. Jiya na ce wa shugaban namu ba zan sa hannu ba sai na gano inda tartsatsin ya fito. Ban san me gobe za ta haifar ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa haƙurinka ya zame maka haske. Uwargida da yara, Allah Ya ba ku dangana. Jariran nan kuma, ya Rabbi, Ka tsare su daga kuskurena.