Mutumin da Ya Koyi Tafiya Sau Biyu

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sada, amma har yau zuciyata ta ƙi gaskata yadda abin ya ƙare.

Babur ne ya fara kayar da shi a hanyar Runka, kansa ya bugi dutse. Da ya farfaɗo a asibiti, kallon baƙuwa ya yi mini, ni da yake kira Tauraruwa tun yana zuwa zance gidanmu a Safana. Harshe ya ɗaure, hannun dama ya saki, ƙafa sai ja.

Da muka dawo Batsari, tausayi ya kusa ƙarasa shi. Mahaifiyarsa Inna ke ba shi tuwo a baki, ƙannensa su yi masa alwala, alhali likita ta ce a bar shi ya wahala. Sai na riƙa ajiye masa ƙwaryar gyaɗa ya ɓare da hannun nan mai ciwo.

"Ke 'yar nan, ina imaninki?" in ji Inna. "Majinyaci kike sa wa aikatau?"

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin ya ce, "Inna... bar... ta." Maganarsa ta farko ke nan. Na shige ɗaki na sha kuka.

Sannu ba ta hana zuwa. A damina ta uku ya ci tuwo da damansa, ya jingine sanda. Wata safiya ya saɓi fartanya zai tafi gonarsa ta Darini. Na jawo mayafi zan bi shi.

"Tauraruwa, yau ni kaɗai," ya ce, yana murmushin nan da ya karkace gefe ɗaya.

A gonar 'yan bindiga suka tarar da shi. Gawarsa aka kawo mini a bayan a-kori-kura. Mutum ya sha wuyar koyon tafiya, ashe ajalinsa zai taka ya tarar!

Yau gonar ta koma daji. Majiya ƙarfi na zaune a gari da lafiyayyun hannuwa, suna jiran a auna musu tsaba. Shi da ya ƙi a ciyar da shi a baki, me zai ce in ya gan su?

Ana yawan ce mini da na hana shi fita. Wataƙila da yana nan a kan tabarma. Amma waɗanda suka ɗauko shi sun ce sun ga kunyar geron da ya nome, miƙe sambal, ba ciyawa ko ɗaya. Manomi aka kashe ranar, ba majinyaci ba. Allah Ya jiƙan Malam.