Najjar da Nijar

Kalma ɗaya ce ta kusa kai ni hannun 'yan sanda a Sabha. Shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofar Libiya ne, muka yi ta kwarara, galibinmu ba takarda. Satina biyu da zuwa, Larabcina bai wuce na salla ba. Ina tsugune bakin titi a unguwar Mahdiya cikin masu jiran aikin yini, wani Balarabe ya tsaya da mota ya leƙo ya ce, "Najjar?"

Na yi zumbur na ce, "Na'am, Nijar!" Ni a tunanina ƙasata yake tambaya, ya yafito ni na shiga motar. Ashe najjar kafinta ne.

Sai da ya dire min kwali a tsakar gidansa na gane na yi wa kaina. Kujerar katako ce gunduwa-gunduwa, da ƙullin ƙusoshi masu murɗi, da takarda mai zane. Ya shige ciki ya bar ni. Ni da ban taɓa gyara ko ƙotar fartanya ta zauna daidai ba! Abokan ɗakina sun sha faɗa min, Balarabe ya kama ka da ƙarya, shurɗa zai kira, wato 'yan sanda, daga nan sai motar mayarwa gida.

Na juya takardar sama da ƙasa. Na ɗaura ƙafafun baya a gaba, na kwance. Na kafa majingina a juye, na sake kwancewa, gumi na shiga min ido. Duk sanda wani ya yi tari a cikin gida sai in waiga ƙofa. Wajen azahar dai ta tsaya da ƙafafunta huɗu, amma ƙusa ɗaya doguwa ta yi saura, na rasa raminta. Na jefa ta aljihu.

Mai gidan ya fito riƙe da wani tsoho tukuf, mahaifinsa. Ya nuna min gwiwoyin tsohon, ya nuna kujerar, ya ce, "Salat." A kanta zai riƙa salla, don ba ya iya sujada. Ya fara sassauta shi a hankali zai zaunar.

Na ji tsoron shurɗa, wallahi na ji. Amma tsohon sa'an kakana ne.

"Tsaya, Alhaji!" na ce da Hausa, na tare kujerar. Na ciro ƙusar na miƙa masa.

Ɗan ya dubi ƙusar, ya dube ni, ya daɗe. Ya jingina uban da bango, ya kifa kujerar, ya lalubo ramin a ƙarƙashin mazauni. Ya riƙe, na murɗa. Sannan ya nuna ni, ya nuna kujerar: ni zan fara zama. Na zauna, na girgiza, ba ta motsa ba.

Tsohon ya tayar da kabbara a kanta. Ban iya tafiya ba. Ina tsaye a bayansa, hannuwana biyu a buɗe don in tare shi in kujerar ta karye, har ya sallame.