An kawo wuta, Oga na riƙe da waya

Innalillahi! Jama'a, yau na ga tashin hankali!

Muna aiki a wani gida a garin Ƙofa, ni da Oga Sale mai koya mini gyaran wuta. Na ce, "Oga, in cire fis?" Ya ce, "Bar shi, rabon garin nan da wuta tun damina."

Ya hau tsani, ya kama waya. Sai ihun yara a waje: "An kawo wuta!"

Oga ya sandare, ya kasa sakin wayar! Na rarumi taɓarya na doke hannunsa, ya faɗo.

Muna asibiti, bai farfaɗo ba. Ku sa shi a addu'a. Wallahi har muka saka shi a mota, ana ta murnar dawowar wuta a unguwar.