Motar da Na Zaɓa wa Malam Nura

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na raka Malam Nura birni sayen mota ba. Ku malamai matasa da kuke tambayar yadda na yi ritaya ina mataimakin shugaban makaranta, amsar ba ta cikin fayil ɗina. Ga ta can a fake a gindin darbejiyar bakin ofis.

A lokacin ina mataki na goma sha huɗu a sakandaren garinmu, arewa da Bici. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, mataki shi ne tsanin girma da albashi, kuma daga nawa taku ɗaya ne zuwa kujerar shugaba. Shugabanmu kuwa saura masa shekara guda ya sauka. A ƙa'ida ofishin shiyya ke naɗa sabo, amma yakan fara jin ta bakin kwamitin makaranta, wato dagaci da liman da wakilan iyaye.

Ni kaɗai ke da mota a makarantar, wata tsohuwa mai jan ciki a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya tana jigilar masu naƙuda da kayan amare da buhunan taki, ni kuma kullum ina ƙorafi a ɗakin malamai cewa na zama direban gari ba albashi.

Nura ɗalibina ne, ni na koya masa rubutun wasiƙa a aji biyu. Ya dawo yana koyar da kimiyya, mataki ɗaya a ƙasa da ni. Sai birni ya cim ma gonar gadonsu ta wajen Dawanau, aka yanka ta filaye. Rabonsa ya isa ƙaramar jif sabuwa dal, kujerunta a cikin leda.

"Malam, kai ka san mota," in ji shi. "Don Allah ka zo ka zaɓa min."

Na ce madalla. Abin da na ji a ƙirjina kuwa yana da suna, na sha ba yara shi su rubuta insha'i a kan illolinsa.

A wurin dillali zaɓi ya tsaya kan guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Akwai ja, gajera, bayanta da ƙyar zai ci buhu biyu, mai kuwa lasarsa kawai take. Akwai fara, ta fi tsawo, ta fi tashi daga ƙasa, kujerun bayanta suna kwantawa su zama shimfiɗa, ga ƙarfen ɗaure kaya a samanta. Nura sai zagaya jar yake yana shafa ta.

"Wannan ta ishe ni, Malam. Daga ni sai maiɗakina da yara biyu."

"Yallaɓai ya yi gaskiya," dillalin ya ce. "Jar nan, sai ka manta hanyar gidan mai."

Ni kuwa idona na kan shimfiɗar farar. Na hango mara lafiya kwance a ciki, na hango buhu takwas da akuya. Na hango kowace Asabar ta Nura tana ƙarewa a hanyar asibiti, albashinsa a bakin famfon mai. Na san ciwon, don ni na yi jinyarsa. Sai na gyara tabarau na shiga darasi. Na kawo lakar damina, na kawo yashin rafi, na kawo burtalin shanu da ke ratsa gonakinmu. Na rufe da cewa mota kamar rigar yaro ce, da girma ake sayenta. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, niyyar ce kawai ba ta da alwala. Nura ya biya kuɗin fara.

Damina ta sauka. Wata Laraba da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, maciji ya sari wani manomi, Malam Audu, a gonarsa ta bayan rafi. Ta taga na hango ƙaninsa ya nufo makaranta a guje. Na ɗauki makulli, na ɗaura fuskar nan tawa ta wanda aka dama amma yake haƙuri saboda Allah. Mutumin ya tsaya a ƙofar ofishina yana haki.

"Sannu da aiki, Malam. Wane aji Malam Nura yake?"

"Ga tawa nan kusa," na ce.

"Allah ya saka, Malam. Ai taka ba ta shiga burtali."

Makullin nan a hannuna ya wuni. Nura ya kai Malam Audu asibiti a kan lokaci, ya warke, gari ya ɗauka.

Da farko na ce na huta. Asabar uku na yi ina karatu ba mai buga min ƙofa. A ta huɗu na kama kaina ina leƙen zaure. Ƙwan zabi da ɗanyar gyaɗa da kan shigo gidana duk suka canza hanya. Abin da ya fi ci min rai, Nura ya ƙi yin ƙorafi. Na taɓa tsokanarsa, na ce yaya mai? Ya yi dariya ya ce, "Yana cina, Malam, amma addu'ar da nake sha ta fi shi yawa."

Da lokaci ya yi kwamiti ya zauna. Washegari shugaba ya kira ni, ya rufe ƙofa.

"Malam Ɗanlami, takardunka sun fi nauyi, kowa ya yarda. Dagaci ne ya yi wata magana."

"Me ya ce, ranka ya daɗe?"

"Ya ce ka taimake su shekara da shekaru kana tsaki. Shi kuwa yaron nan, bayan ya kai mutum asibiti, sai ya dawo gaishe shi."

Takardar shiyya ta zo da sunan Nura. Ranar da ya karɓi aiki ya miƙe gaban iyaye ya ce, "Motar nan da kuke yabo, malamina ne ya zaɓa min ita. Ni da ja zan saya." Aka yi ta tafi. Na miƙe na ɗaga hannu, don babu abin da ya rage a yi.

Shekara uku na yi a ƙarƙashinsa, bai taɓa zama ina tsaye ba. Ranar da na bar aiki shi ya kwashe min littattafaina, kwali tara. Ya kwantar da kujerun baya, suka shige tsaf. "Ka gani, Malam? Da jar ce, sai sawu uku."

Abin da na koya ke nan. A makarantar ƙauye mataki na kan takarda, girma kuwa yana hannun masu buga maka ƙofa. Kayan da na yi shekara goma sha ɗaya ina kuka da nauyinsu, ashe su ne rawanina. Ni da kaina na je har birni na zaɓo wa wani motar da za ta ɗauke su.