Rigar Sanyin Dogo

Shekara tara muka yi ƙofa da ƙofa da ita a gidan haya. Mutanen gida suna ce mata Uwar Ulu, ni kuwa Yaya nake ce mata, don ta ba ni shekara goma cur. Na komo gidan ne bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, kuma ita ce ta fara yi mini sallama, da ƙwallon zare a aljihun riga, tana magana hannunta na tafiya.

Aikin goge-goge ta yi a asibiti, ɓangaren masu haihuwa, har ta yi ritaya. A can wata nas ta koya mata saƙa a lokacin hutun rana. Ba ta taɓa sayar da ko safa ɗaya ba. Jaririn da aka haifa a layinmu kuwa, da wuya ya yi kwana uku bai sa hularta ba. Matar tela takan tsokane ta, wai ranar da aka rasa jarirai awaki za ta koma saƙa wa. Sai ta ce ai akuya ta fi wasu godiya, a yi dariya.

Ɗanta ɗaya ne, Dogo. Siriri ne, kafaɗa kamar maratayin kaya, in ji ta. Ya tafi neman aiki wata ƙasa mai nisa mai tsananin sanyi, takardunsa suka ƙi daidaita, in ya fito ba zai iya komawa ba. Shekara goma sha biyar ke nan. Ya yi aure a can, ya haifi 'ya mace. Duk ƙarshen mako yana kiranta a 'yar wayarta mai maɓalli. Hotonsa na ƙarshe da take da shi na ranar aurensa ne, yana jingine da madubi.

Da ciwon ido ya kama ta, likita bai ɓoye mata ba, ya ce ba irin wanda ake aiki ya warke ba ne. Ta dawo ba ta ce wa kowa komai ba. Washegari na ga ta fito da wata tsohuwar rigar Dogo daga ƙasan akwati, ta shimfiɗa a kan gado tana aunawa da taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Kafaɗa taƙi biyu da ɗan ƙari. Ta ce ta saƙa wa 'ya'yan duniya, nata ɗan yana can sanyi na cinsa, ko hula bai taɓa samu ba. Tana so ta ga ya sa aikin hannunta kafin hasken ya ƙare. Akwai abokin aikinsa da ya zo ganin gida, zai koma bayan wata biyu, shi zai kai.

Rigar sanyi za ta saƙa masa. Ulu ruwan toka ta zaɓa, mai kauri. Kullum bayan sallar walaha sai ta jawo kujera bakin baranda inda rana ta fi faɗowa. Da farko tana kawo saƙar kusa da hanci, daga baya ta daina dubawa, yatsu kawai ke ƙirga. Wani lokaci ƙulli ya zame mata ba ta sani ba, sai an yi layi goma ta shafa ta ji rami. Ni nake nemo mata wurin, ita ta warware ta sake. Na ce ta bar ni in yi mata hannu ɗaya, ta ƙi. Wai hannuna sakwa-sakwa ne, iska za ta bi ta ciki ta same shi.

Saura kwana biyu mutumin ya tashi ta gama. Ni na ɗinke mata wuyan, shi ma tana riƙe da gefe. Muka shimfiɗa sabuwar a kan tsohuwar rigar, ta zauna daidai, ko yatsa ba ta wuce ba. Allah ya sani, ni ma ban kawo komai a raina ba. Mu biyu muka tsaya muna yaba daidaiton.

Bayan mako uku saƙo ya shigo wayata, wadda 'yata ta saya mini, don ita ke karɓar hoto. A lokacin idon Yaya inuwa kawai yake gani. Na same ta tana tsince shinkafa da lalube. Na ce mata Dogo ya turo hoto. Ta ture tiren, ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar ta kai ta dab da ido, ta juya ta, ta miƙo mini.

"Duba mini. Ta yi masa?"

Na duba. Rigar tana jikin yarinyar, ta naɗe hannun sau biyu, tana murmushi. A bayanta wani ƙaton mutum ne ya dafa ta, wuyansa ya cika, gemu ya fara furfura. Sai da na kalli idanun, irin na Yaya sak, na gane Dogo ne.

Cewa "ta yi" ba zai ci mini komai ba, ba mai tona ni. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba, kuma ina tsoron Allah.

"Yaya, jikarki ce ta sa. Ta yi mata kyau ƙwarai. Shi ya yi jiki."

"Jiki kamar wa?"

Na ce kamar mahaucin bakin titi, ko ya ɗan fi. Ta ɗan yi dariya, ta ce Dogo ne kamar mahauci, sai dariyar ta tsaya. Ta ce shi ya sa shekaranjiya a waya yake ta godiya, yana yabon laushin zaren, amma da ta tambaye shi ko ta matse shi a hammata sai ya shiga zancen ruwan sama.

Na ce mu sayo wani ulun, ni in zama idonta. Ta girgiza kai. Ta san lokacin da aikin ya ci, ta kuma san abin da ya rage mata.

Can ta ce in nuna mata faɗinsa. Na ware hannuwana gwargwadon yadda na gani. Ta laluba ta kama wuyan hannuna na dama, ta bi iska da taƙi har ta iso na hagu. Uku da rabi. Ta sake aunawa daga farko.

"Ashe ban san faɗin ɗana ba," ta ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannuwan nawa a haka har kafaɗuna suka gaji, ban sauke ba sai da ta saki. Ba ta ƙara ɗaukar saƙa ba. Wata bakwai bayan nan Allah ya karɓi abinsa, ranar wata Laraba da hantsi. Allah ya haskaka kabarinta.