Dakta Othman Sarip, takardar Lina tana hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 9 ga Satumba 2024, da hantsi, matarka Hajiya Mastura ta kira ni ta ce ka cika. Ina cikin mota a hanyar Khumra a nan Jidda, takardun da ka ba ni suna kan kujerar da kake zama. Mun sallace ka da la'asar. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Ga wanda bai san ka ba: mutumin Lanao ne kai, a kudancin Filifin, masanin tattalin arziki, ka yi shekara ashirin a ma'aikatar tsare-tsare ta ƙasarku. Ni kuwa Abduljalil ne, haifaffen unguwar Ammariyya, mai bin takardun mutane ofis-ofis. Shekara tara muna tare.

Kai da bakinka ka gaya min kana cikin matasan da suka rubuta tsarin tura ma'aikata ƙasashen waje. Aka yaba maka, aka ƙara maka girma. Da aiki ya kawo ka Jidda, sai ka ga matan da tsarin ya turo, wasu sun gudo daga gidajen aiki ko takalmi babu. Ka ce, "Abduljalil, a can a takarda na san su. Nan na ga fuskokinsu." Da ka yi ritaya ka ƙi komawa gida.

Halinka ɗaya ya sha ba ni haushi. Duk wadda muka samo wa izinin fita, sai ka raka ta filin jirgi, kuma ba ka tafiya sai an tabbatar maka jirgi ya tashi. In ce, "Yalla ya Dakta, halas, ta shiga!" Ka ce ka taɓa ganin an dawo da mutum daga bakin ƙofa. Haka za mu tsaya awa uku, ina ƙunƙuni, kana miƙo min dabino.

Saura Lina, ɗaya daga cikin matan nan. Shekara biyu tana jira, mahaifiyarta na kwance ba lafiya a gida. Kafilinta, wato uban gidan da ya ɗauko ta aiki, wani dattijo a unguwar Abhur mai suna Thamer, ya rantse ba zai sa hannu a takardar fitarta ba. Sau bakwai ka je gidansa, kana shan gahawarsa, ba ka taɓa ɗaga murya ba. A na bakwai ya ce ka dawo Laraba, kai kaɗai, zai sa. Kwana biyu ya rage.

Na je Larabar, aka ce ya fita. Na koma Lahadi, na yi ta tsayuwa a bakin ƙofa. Ba ni da haƙurinka, Dakta, kuma ina tsoron bakina ya ɓata abin da ka gyara. Jiya Lina ta tambaye ni wa zai tsaya mata a filin jirgi. Ni kuwa ko sa hannun ban samo ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Mastura da 'ya'yanka da mutanen Lanao. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka abin da ka yi ta zargin kanka a kai, Ya sa Aljanna makoma. Amin.

Gobe zan koma Abhur, zuwa na uku. Kai bakwai ka yi. In Allah Ya sa ya sa hannu, ni zan tsaya, kuma ba zan motsa ba sai jirgi ya tashi.