Yadda Na Fassara wa Baba Faɗuwar Hannun Jarinsa

A gidan haya muka tashi, a unguwar Ɗan Iya, ɗakuna uku da tsakar gida mai bishiyar gwaiba. Baba akawu ne a ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Da garatutinsa ya fito, ya sayi fuloti a bayan gari, ya zuba harsashi, bulo ya hau har linta. Abin da ya rage shi ne katako da kwano da ƙofofi.

A lokacin ne maganar hannun jari ta cika Bauchi. Samari masu kwat suna bin ofisoshi da shaguna da fom a hannu. Har a kasuwar Muda Lawal na ji masu hatsi suna zancen. Baba yana da aboki ɗan kudu, Kirista, mai shagon kayan gini, wanda duk gidanmu muke kira Oga. Shi ya zo ya ce ya zuba nasa kuɗin wata shida da suka wuce, sun kusa ninkawa.

"Alhaji, ka bar kuɗin kwano ya kwana kaɗan," in ji shi. "Kafin damina za ka rufa gida, har ka yi fenti."

Baba ba mai garaje ba ne. Ya yi mako biyu yana tambaye-tambaye, har wajen malami ya je ya ji ko halal ne. Sannan ya cike fom. Kafin damina ta zo, farashin ya fara sauka. Aka ce a yi haƙuri zai tashi. Damina ta wuce, wata ta sake zuwa, takardun hannun jarin suka koma abin da ko buhun siminti goma ba za su saya ba. Abin da rediyo ke cewa kawai shi ne tattalin arzikin duniya ya girgiza. Baba ya sa takardun a leda ya ajiye ƙarƙashin akwati, bai ƙara tayar da zancen ba. Oga ya daina shigowa gidanmu kusan shekara guda, sai da Baba ya je shagonsa da kansa ya ce masa babu komai.

Shekaru sun ja, na yi aure, ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. Wata abokiyar aikina ta ba ni filashi, ta ce akwai finafinai uku a ciki kan rikicin gidaje na Amurka. Na kalli ɗaya a gida, na kasa cin abinci. Da na je gaida Baba ranar Asabar, sai bakina ya suɓuce na ba shi labari.

"Uwata, a cikin fim suka sa abin?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"E, Baba."

"Kawo mu gani. Ki bari in aika a kira Oga."

Asabar ta gaba bayan la'asar muka zauna a falo. An yi sa'a akwai wuta. Baba ya sa tabarau, Oga ya ɗora hularsa a gwiwa. Dukansu suna jin Turanci, amma na fim ɗin yana gudu, kalmomin kuma ba na ofis ba ne, ba na kasuwa ba. Sai na riƙa tsayarwa ina bayani da Hausa.

Na ce bankuna ne suka yi ta ba mutane rancen sayen gida, har waɗanda ba su da halin biya. Sannan suka tattara bashin suka ɗaure kamar dami, suka sayar wa wasu, su ma suka sayar wa wasu.

"Tsaya," in ji Baba. "Bashin suke sayarwa?"

"Shi fa."

"Wanda ya saya, ya san mai gidan?"

"Bai sani ba. Ko garin bai taɓa zuwa ba."

Ya kalli Oga. Oga ya girgiza kai ya ce, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Malama, ci gaba, kai ne ka sani."

Ban sani ba. Rabin abin da nake fassarawa ban gane shi ba sai sama-sama. Wani wuri na maimaita sau uku, daga ƙarshe na ce musu ni ma ya wuce ni.

Aka nuna unguwa guda, gidaje sababbi fil a jere, da rufi da tagogi da komai, babu kowa a ciki, ciyawa ta cinye ƙofa. Baba ya matso gaba ya ce in tsayar. Ya daɗe yana kallo.

"Duk an rufa," ya ce. "Kuma ba mai kwana a ciki?"

"An kori masu su."

Aka nuna wata mata tsaye a bakin titi, katifa da tukwane a gefenta, tana riƙe da 'yarta. Baba ya ce, "Allah sarki." Ban taɓa zaton zai tausaya wa wani a wannan zancen ba. Oga kuwa ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo idanunsa sun yi ja.

Da fim ya ƙare Baba ya cire tabarau. "To, ina namu ya shiga a nan?"

Na gaya masa abin da na fahimta: da wuta ta kama can, masu kuɗin waje suka janye nasu daga kasuwarmu, kowa ya ruga sayarwa, namu bankunan ma suna da nasu ɓarnar.

"Su waɗanda suka ɗaure damin, an kama su?"

"Fim ɗin ya ce kusan duk suna gidajensu."

Oga ya ce, "Alhaji, shekara nawa ina ganin ni na cuce ka."

"Ni kuma ina ganin wautata ce," in ji Baba. Sannan ya ce, "Da wautata ce ma da ya fi min sauƙi. Aƙalla na san wanda zan yi wa faɗa."

Na zaci sanin zai sanyaya masa rai. Bai sanyaya ba. Ya karɓi filashin, ya kalli sauran finafinan biyu shi kaɗai, ba mai fassara. Inna ta kira ni ta ce ya rage cin abinci, ta tambaye ni me ya kai ni tono abin da aka binne. 

Bayan mako uku ya kira ni. Na same shi da takarda da biro. Mutum ne da ya yi rayuwarsa cikin fayil, ya yarda duk abin da aka rubuta aka shigar, wata rana wani zai duba. Ya ce in rubuta masa ƙorafi da Turanci mai kyau. Ya faɗa, na rubuta, shafi biyu. Bai zagi kowa ba. Ya kawo shekarun aikinsa, ya kawo girman fulotin, ya roƙi a duba lamarinsa. Da muka gama na tambaye shi adireshin wa zan sa a sama.

Ya yi tunani. "Fim ɗin bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba, Baba."

Daga ƙarshe na hau keke napep na kai reshen bankin da ya cike fom, wanda tuni ya canza suna. Wata yarinya a kanta, wadda nake jin tana firamare lokacin da abin ya faru, ta karanta layin farko, ta ce ba nan ake kawowa ba. Na roƙe ta ta buga min hatimi ko a kan kwafi ne. Ta leƙa bayanta, ta buga da sauri, ta jefa asalin a cikin wani tire.

Baba ya duba hatimin da kyau, ya ce aƙalla an karɓa.

A bara 'ya'yan mai gidan hayar suka raba gado, suka ba su Baba wata uku su tashi. Yayana ya gyara ɗaki biyu a gidansa, muka kwashe su Baba da Inna a mota ɗaya. Ranar Oga ya rufe shago ya zo taya mu ɗaure kaya, duk da bayansa na ciwo. Shi ya kwance fankar falo, ya naɗe ta da tsohon zanin gado, ya riƙe ta a cinya har muka isa.